Katin Inshora da Farashin Magani a Cikin Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba ko wane ne ke da ikon rage tsadar jinya a unguwannin cikin badala, gwamnati ko kamfanonin inshora. Ta gano cewa ikon yana hannun wanda ke sayen magani da yawa a sari.

Waiwaye

An kafa shirin inshorar lafiya na tarayya da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, sannan dokar NHIA ta 2022 ta wajabta shi a kan kowa. Kano ta yi tata dokar a 2016, ta kafa hukumar KSCHMA, aka kira tsarin taimakekeniya domin kauce wa shubuhar da malamai ke gani a inshorar kasuwa. Masu goyon bayan kamfanonin inshorar lafiya (HMO) suna cewa gasa a tsakaninsu za ta karya farashi. Ban yarda ba. Amurka, inda kamfanonin suka fi ƙarfi, tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan lafiya. A Kano kuwa kamfani yana neman mai albashi ne, wanda za a cire masa tun daga tushe. Marinin Ƙofar Mata da ɗan tebur na Kurmi, masu samun na yau su ci yau, ba sa cikin lissafinsa.

Hanyar bincike

An nazarci dokokin, aka kuma lura da hada-hadar kyamis-kyamis na kusa da asibitocin cikin gari.

Sakamako

Tsarin tarayya yana biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mai kati duk wata, mai katin kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Kuɗin da ake biyan asibitin ya tsaya a naira 750 sama da shekara goma, har zuwa 2024. A 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya, magungunan asma da na kashe ƙwayoyin cuta suka yi tashin gwauron zabi. Asibitin da kuɗinsa bai motsa ba sai ya kare kansa da magana ɗaya: "Babu, sai dai a saya a waje." Uwa ta fito da takardar likita a naɗe cikin gefen mayafi, ta tsallaka titi, mai kyamis ya gutsuro mata na kwana biyu daga na kwana bakwai, daidai kuɗin hannunta. A littafin hukuma an riƙe farashi. Tsadar ta koma aljihun majinyaci ne kawai, shi ya sa har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihu yake fita.

Nan ne gwamnati ta fi kamfani. Jihar tana da hukumar samar da magunguna, DMCSA, wadda za ta iya saye wa asibitoci irin su Murtala da Hasiya Bayero a dunƙule, ta yi ciniki da masu masana'anta kai tsaye. Babu HMO mai yawan masu kati da zai ba shi irin wannan bakin ciniki. Ya kamata kuɗin taimakekeniya da kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware su fara bi ta rumbun magani kafin a ƙara raba kati.

Iyakar bincike

Za a ce lura a bakin kyamis ba ƙididdiga ba ce, kuma cikin gari ba Nasarawa ba ne, inda masu albashi suka fi yawa. Haka ne. Mai musu ya kawo rasit ɗin majinyata a gwada.