Daga Tsakiya zuwa Gwal: Waiwaye kan Abin Wuya a Ƙasar Hausa

A ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina akwai wasu tuddan ƙasa da ake kira Durɓi ta Kusheyi, makwancin manyan mutanen dauri. Baturen mulkin mallaka Palmer ya fara tona su a 1907, sannan a 1992 masu binciken tarihi na Najeriya da na Jamus suka sake tona uku daga ciki. Sun samu mundaye, da wuri, da duwatsun gilashi, da jan dutsen ado, da 'yan kunne na zinariya, an kuma kimanta cewa kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16. Wuri daga teku yake zuwa, gilashi da jan dutse kuma kayan fatauci ne. Amma wanda ya zauna ya jera su a zare, ya san wanda zai sa a tsakiya da wanda zai bi masa, ɗan ƙasa ne. A kan wannan tsari abin wuyanmu ya yi ɗaruruwan shekaru: kaya su zo daga nesa, hannun da zai sarrafa su ya zama na gida. A zamaninmu ne aka juya lamarin, kuma yadda aka yi ya juya ya isa a waiwaya.

Zamanin dutse da zare

Kafin sarƙa, dutse ne sarkin wuya. Kakanninmu mata sun san tsakiya, sun san murjani, sun san lantana. Murjani daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, ya ratso Sahara a bayan raƙumi. Jan dutsen da ake yin tsakiya da shi ya daɗe yana fitowa daga Kambat a Gujarat ta Indiya, garin da ya shahara da sassaƙa shi da huda shi, ya biyo ta ƙasar Larabawa da Masar, wani kuma a jakar alhazai. Lantana ce ta kusa: fataken Hausawa ke ɗauko ɗanyen dutsen daga yankin kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, su kai wa masu sana'ar a Ilori, waɗanda suka gaje ta daga tsohon birnin Oyo.

Wahalar dutse duk a huda take. Mai aikin lantana zai fara sare dutsen har ya kusanci siffar da yake so. Sai ya ɗauki siririn tsinken ƙarfe ya ɗora a kai, yana bugawa a hankali yana juyawa. In ya kai rabi sai ya juya dutsen ya faro daga ɗaya ɓarin, da fatan ramukan biyu su haɗu a ciki. Bugu ɗaya ya yi nauyi, dutsen ya tsage, aikin yini ya tafi. Bayan huda sai gurza a kan dutsen niƙa, sai gogewa har ya yi sheƙi. Shi ya sa mace ba ta samun abin wuyanta rana ɗaya. Tarawa take yi, wannan na gado, wannan na aure, wancan ta saya da kuɗin kaɗi ko na ƙuli-ƙuli.

Jerawa ma ilimi ce. Ana murza zaren auduga riɓi-riɓi, ko a karɓo siririyar igiyar fata wurin baduku. Dutse mafi girma da kyau shi ke zama a tsakiya, domin nauyinsa ya riƙe abin wuyan kada ya karkace, sauran su biyo shi hagu da dama, suna raguwa har zuwa ƙeya. Ana raba manya da ƙanana don kada su riƙa gogar juna su ci baki. A ƙarshe a yi hanci a ɓari ɗaya, a yi ƙulli ko a sa ɗan dutse a ɗaya ɓarin, shi ne maɓalli. Sau da yawa laya ce ke zama a tsakiya, an ɗinke ta cikin jar fata. In zare ya tsufa a tsinke shi a sake jeri, dutsen kuwa yana nan, ya wuce daga uwa zuwa 'ya.

Gilashi ya cika kasuwa

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da duwatsun ado na birnin Benis na Italiya cikin kayan Turai da ake sayarwa. Ta Tarabulus da Gadamas suke zuwa, su sauka a kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Mutanen Benis sun tattara masu aikin gilashinsu a tsibirin Murano tun 1291, kuma sun ƙware a dabarar jan narkakken gilashi mai rami a ciki ya yi tsawo kamar kara, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Ramin da mai lantana ke shan wuya kafin ya samu, su tun a wuta suke samun nasu. Daga nan farashi ya faɗi, 'yar talaka ma ta samu abin ratayawa.

Turawa ba su tsaya nan ba. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga sayo dutse daga Birazil, yana gasa shi ya yi ja, yana sassaƙa shi daidai da siffofin da matan Afirka ke so. Masana'antun Bohemiya kuma suka riƙa kwaikwayon jan dutse da murjani da gilashin da ake matsawa a mazubi. Wannan gasa tana cikin abin da ya durƙusar da lantanar Ilori a farkon ƙarni na 20.

Masagan Bida kuwa ba su durƙusa ba. Waɗannan Nufawa suna da gilashinsu na gargajiya mai duhu, da suke dafawa daga yashi da kanwa. Da kwalabe suka yawaita, sai suka koma narka su, kore da shuɗi da ruwan ƙasa. Masagi zai ɗebo narkakken gilashi ya naɗa a jikin sandar ƙarfe yana juyawa a bakin wuta, ya ɗiga masa wani launi a kai, ya zare sandar, ramin ya fito. Kwalbar Bature ce, amma dutsen da ya fito na Bida ne, kuma duk mai ido ya gan shi ya san haka.

Liyari a hannun maƙeran fari

Ƙira a ƙasar Hausa gida biyu ce. Maƙeran baƙi su ne na fartanya da gatari da wuƙa, maƙeran fari kuma na azurfa da tagulla, su ne masu zobe da munduwa da ɗan kunne. Abin da ya ɗaga sana'ar maƙeran fari a ƙarni na 19 shi ne liyari, kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya. Duk wanda aka buga bayan rasuwarta, shekarar 1780 yake ɗauke da ita. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa ce, kuma a Kanon zamanin Barth ana canza shi a kan wuri 2,500. Tun da nauyinsa da kyan azurfarsa ba sa canzawa, sai ya zama kuɗi kuma ya zama kayan aiki. Mace ta kai wa maƙeri liyari kaza, ta san nauyin abin da zai dawo mata da shi. Wata ma ba ta bari a narka, sai a liƙa masa hanci ta rataya shi yadda yake.

A nan sarƙa ta samu gindin zama. Maƙeri zai narka azurfa a ɗan kaskon yumɓu, yaro na bayansa yana zuga, ya zuba ta ta zama sanda, ya yi ta bugu a kan uwar maƙera har ta sirance. Sai ya kama bakinta da awartaki ya jawo ta cikin ramukan wani faifan ƙarfe, daga babban rami zuwa ƙarami, yana mayar da ita wuta lokaci-lokaci don ta yi laushi kada ta karye. In waya ta samu, ya naɗa ta a jikin tsinke, ya yanka naɗin a tsaye, zobba ƙanana su zubo masu girma ɗaya. Kowane zobe sai an zura shi cikin ɗan'uwansa, an haɗe bakinsa da ɗigon narkakkiyar azurfa. Sarƙa ɗaya tana iya cin zobba ɗaruruwa, kuma ƙarfinta duka yana ga wanda aka fi yi wa sakaci.

A Agadas da sauran ƙasar Abzin, maƙeran Buzaye da ake kira inadan sun bi wata hanyar. Suna fara ƙera siffar abin da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu su bar ƙofa, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su ɗura azurfa a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun, a bi da magagari, a zana ado da bakin ƙarfe. Tun da mazubin fasa shi ake yi, ba a samun biyu iri ɗaya sak. Haka ake yin tanaghilt, abin wuyan Agadas da duniya ta sani, wanda yanzu ake lissafa iri 21 na dangoginsa da sunayen garuruwa irin su Tawa da Ingal da Damagaram. Ana jera shi da baƙaƙen duwatsun gilashi da 'yan bututun azurfa, baƙi na fito da hasken fari.

Mulkin mallaka ya rage wa maƙeran fari abinci. An ture liyari daga kasuwa, kuma daga 1920 sulallan Afirka ta Yamma na Ingila suka daina zama na azurfa. Maƙeri ya koma neman tsofaffin kaya yana narkawa, ko ya yi aiki da tagulla da sanholo.

Jirgin alhazai da sarƙar inji

Zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, da miskali ma ake auna ta tun da, amma ta gidan sarauta ce da manyan attajirai. Jirgin sama da kuɗin man fetur ne suka sauko da ita. Da aikin hajji ya koma na makonni maimakon shekaru, musamman daga shekarun 1970, sai Hajiya ta riƙa dawowa da haƙorin Makka da sarƙa 'yar Saudiyya. Daga baya Dubai ta karɓe kasuwar. Setin sarƙa da ɗan kunne da zobe ya shiga akwatin lefe ya zauna daram, tsakiya da murjani suka koma ƙasan adakar tsofaffi.

Wannan sarƙar inji ke saƙa ta. A garuruwa irin su Arezzo da Bicenza na Italiya, na'ura ke jan waya, ta lanƙwasa, ta yanka, ta haɗa zobba, ta fitar da sarƙa mai tsawon gaske a yanka ta gwargwadon wuya. Wasu ma bututu ne mai rami a ciki, ga girma a ido ga rashin nauyi, in ta lotsa kuma gyaranta sai an sha wuya. Cinikin ma ya sauya harshe. Da ana tambayar wane ne ya ƙera, yanzu sai ka ji mai shago yana cewa, "Hajiya, giram nawa kike so?" Ana duba hatimin da ke kusa da maɓalli: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22.

Ba a ga laifin mata ba a nan, lissafinsu daidai ne. Har 1971 farashin hukuma na oza ɗaya, wato giram 31, dalar Amurka 35 ne. A Janairun 1980 ya taɓa dala 850, a 2020 ya haura 2,000, a 2025 ya wuce 3,000. Macen da ta ga yadda naira ke zubewa ta san gwal ajiya ce da ba ta ruɓa, ranar ciwo ko kuɗin makaranta a cire a kai kasuwa. Aikin da tsakiya da liyari suka yi wa kakarta ke nan. Wadda ba ta da hali kuma ta sayi mai ruwan gwal daga Sin ko Indiya, ta yi biki biyu ya koɗe.

Inda lamarin ya juya

Yau ƙasarmu ce ke fitar da ɗanyen kayan. Ana haƙar zinariya a Zamfara da Neja da Kabi, an kuma yi tururuwa zuwa Jado a arewacin Nijar a 2014. An biya wannan arziki da tsada: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. Mafi yawan abin da aka haƙo ɗanye yake fita, da yawansa Dubai yake nufa, sannan mu bi shi can mu sayo sarƙa, mu biya kuɗin ƙira ga hannun wasu. Kakanninmu sun sayi kaya sun riƙe ƙira. Mu mun sayar da kaya muna sayen ƙira, alhali ribar da ke ɗorewa da aikin yi na matasa a ƙirar suke.

Ba a ce maƙerin Kano ya yi tsere da injin Italiya wajen saƙa siririyar sarƙa ba, ba zai ci ba. Amma maƙeran Agadas sun nuna akwai wata kasuwar. Ko da tawaye da rashin tsaro suka kori 'yan yawon buɗe ido, sun ɗauki azurfarsu zuwa Yamai da Turai da Amurka, ana saye saboda zanen nasu ne, ba a samunsa wurin kowa. Abin da maƙeranmu ke buƙata sananne ne: tatacciyar zinariya da azurfa da za su saya a gida ta halattacciyar hanya, wurin gwaji da hatimin da mai saye zai yarda da shi, da koyar da yara sana'ar tun tsofaffin da suka iya jan waya da zubin kaki suna raye. Saura kuma yana hannun masu haɗa lefe. Gidan da ke iya sayen seti uku daga Dubai yana iya ba maƙerin unguwa aikin ɗaya, ya faɗa masa nauyin da yake so da zanen da yake so. Da irin wannan ciniki sana'ar ta rayu a da, kuma in babu shi ba wata hukuma da za ta iya tashe ta.