Lafiyar tsofaffi a Chadi: yadda tsarin yake da inda giɓin yake

Chadi na cikin ƙasashen da yara suka fi yawa a duniya. Kusan rabin al'ummarta ba su wuce shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 kuwa ba su cika uku cikin ɗari ba. Wannan ne ya sa aka gina tsarin kiwon lafiyar ƙasar a kan mata masu juna biyu, ƙananan yara, rigakafi da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai adadin tsofaffi na ƙaruwa, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa 'yan shekara 60 zuwa sama a Afirka kudu da Sahara za su ninka fiye da sau uku tsakanin 2015 da 2050.

Yadda aka tsara asibitoci

Tsarin hawa-hawa ne: cibiyoyin lafiya na unguwanni da ƙauyuka, sai asibitocin gunduma, sai na larduna, sannan manyan asibitocin ƙasa a N'Djamena, irin su babban asibitin ƙasa HGRN da asibitin Renaissance. Ƙwararrun likitoci sun taru ne a babban birnin. Ko a cikinsa ma, dattijon da ke zaune a unguwar Lamadji, can arewacin gari, sai ya tanadi kuɗin mota da ɗan rakiya kafin ya ga likitan zuciya ko na ido.

Cututtukan tsufa kuma ba sa warkewa da zuwa ɗaya. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido, ciwon gaɓoɓi da shanyewar ɓarin jiki duk suna buƙatar awo a kai a kai da magani na shekaru.

Wa ke biyan kuɗin?

Kaso mafi girma na kuɗin jinya daga aljihun iyalai yake fitowa. Akwai asusun fansho biyu: CNRT na ma'aikatan gwamnati, da CNPS na ma'aikatan kamfanoni. Manoma, makiyaya, masunta da 'yan kasuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna tsufa ba fansho, dogaronsu ga 'ya'ya da dangi. Ɗawainiyar jinya a gida galibi a kan mata take.

Garambawul na 2019

A 2019 Chadi ta kafa dokar inshorar lafiya ga kowa, wadda ake kira CSU, daga baya aka buɗe asusun CNAS don tafiyar da ita. Dokar ta kasa jama'a gida uku: masu albashi, masu sana'ar kansu, da marasa ƙarfi waɗanda gwamnati za ta ɗauki nauyinsu. A rukuni na uku ne tsofaffi marasa galihu za su samu shiga. Tafiyar na fuskantar ƙarancin kuɗi, domin har yanzu kason lafiya bai kai 15 cikin ɗari na kasafin ƙasa ba, kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001. Kwararar 'yan gudun hijirar Sudan tun Afrilun 2023 ta ƙara wa asibitocin gabas nauyi.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Senegal ta ƙaddamar da shirin Sésame a 2006, na jinya kyauta ga 'yan shekara 60 zuwa sama, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya rage masa ƙarfi. Ghana ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin inshora. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 don inganta lafiyarsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a fara daga cibiyar unguwa: a horar da ma'aikatan jinya su riƙa auna jini da suga, su duba gani da ji da ƙarfin tafiya, a kuma ajiye magani kusa da gida. Ga mazauna Lamadji da makamantanta, a nan ne za a gane ko garambawul ɗin ya iso.