Tsohon Ido a Sabuwar Kyamara: Tarihin Helios-44

Gabatarwa

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani, sai dai ba kasafai wannan magana take yin aiki a kan kayan ƙirar zamani ba. Rediyo ko talabijin ko wayar hannu, da zarar sabo ya fito sai tsohon ya koma shirgi. Amma akwai wani abu guda da ya kauce wa wannan ƙa'ida, wato idon kyamara, wannan gwangwani mai ɗauke da gilasai wanda ake ɗaurawa a gaban kyamara domin ya tattaro haske. A yau akwai masu ɗaukar hoto a ko'ina cikin duniya da ke sayen kyamarar dijital mai tsadar gaske, sannan su ɗaura mata idon da aka ƙera tun kafin a haife su, wanda ba ya saita kansa, sai an murɗa shi da hannu. A wannan maƙala za mu bi sawun ɗaya daga cikin irin waɗannan idanu, mai suna Helios-44, domin mu ga yadda aka yi ya rayu bayan fim ɗin da aka yi shi dominsa ya ja baya, daular da ta ƙera shi kuma ta wargaje.

Madubin da ya tsara shi

Asalin labarin yana garin Jena na ƙasar Jamus, inda Carl Zeiss ya buɗe shagonsa a 1846. A wannan kamfani ne wani masani mai suna Willy Merté ya tsara wani ido a 1927, aka raɗa masa suna Biotar. Gilasai shida ne a cikinsa, an jera su rukuni huɗu, rabin gaba da rabin baya suna kusan kama da juna, ƙofar haske tana tsakiya. Hikimar wannan jeri ita ce, karkatar da rabin gaba ya jawo wa haske, rabin baya ya warware mafi yawanta.

A 1936 kamfanin Ihagee na birnin Dresden ya fito da kyamarar Kine Exakta, ɗaya daga cikin na farko masu madubi a ciki da ke aiki da fim mai faɗin milimita 35. Wajibi ne mu ɗan tsaya a kan wannan madubi, domin a kansa labarin ya rataya. A irin wannan kyamara, madubin yana kishingiɗe ne tsakanin ido da fim, yana karkato hasken zuwa ga mai ɗaukar hoto don ya ga ainihin abin da idon yake gani. Idan aka latsa maɓalli sai madubin ya ɗaga sama, haske ya faɗa kan fim. To madubi yana bukatar fili da zai yi wannan lilo, don haka dole a tura idon gaba, nesa da fim. Idon da aka saba da shi a lokacin mai tsawon milimita 50 ne, amma idan aka yi shi da tsarin Biotar sai gilashinsa na baya ya shiga hanyar madubi. Mafitar da aka samu ita ce a ƙara masa tsawo zuwa milimita 58. Wannan lamba da ake gani a rubuce a jikin kowane Helios-44, wadda ba hamsin ba kuma ba sittin ba, ba wata gwaninta aka nufa da ita ba. An ba madubi hanya ne kawai.

Ganimar yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe, sojojin Amurka ne suka fara shiga Jena a watan Afrilu na 1945. Kafin su miƙa garin ga Tarayyar Sobiyat kamar yadda aka yi yarjejeniya, sai suka kwashe manyan masana da shugabannin kamfanin zuwa yammacin Jamus, inda daga baya aka kafa wani Zeiss ɗin a Oberkochen. Su kuma Sobiyat, a watan Oktoba na 1946 suka fara kwance injunan masana'antar suna lodawa a jiragen ƙasa a matsayin diyyar yaƙi, suka haɗa da ma'aikata masu yawa da iyalansu, waɗanda ba su koma gida ba sai a farkon shekarun 1950. Injunan ƙera kyamarar Contax sun sauka a masana'antar Arsenal da ke Kiev. Wani kaso na kayan da zane-zanen kuma ya tafi Krasnogorsk, wani gari a gefen Mosko, inda aka kafa masana'antar KMZ tun 1942.

Daga wannan ganima ne idanun Sobiyat da dama suka samo asali. Sonnar na Zeiss ya zama Jupiter, Biotar mai milimita 58 kuma ya zama Helios-44, wanda aka fara ƙerawa da yawa a 1958. Kalmar Helios a harshen Girkanci tana nufin rana. Mai karatu na iya kiran wannan sata, wani kuma ya ce ƙasar da ta rasa mutum fiye da miliyan ashirin a yaƙin da Jamus ta kawo mata ba ta ɗauki abin da ya kai asararta ba. Mu dai abin da ya ja hankalinmu shi ne sakamakon. A Jamus kafin yaƙi, Biotar kayan masu hannu da shuni ne. A Tarayyar Sobiyat kuwa sai aka mayar da shi idon gama-gari, wanda ake sayar da shi tare da kyamarar Zenit, musamman Zenit-E da ta fito a 1965. Masana'antu uku ne suka yi ta zubo shi, wato KMZ da ta Minsk da ta Valdai, har adadinsa ya kai miliyoyi, aka kuma yi ta fitar da shi ƙasashen waje a farashi mai rahusa.

Yawan nan ya zo da nasa aibi. Tsarin tattalin arzikin Sobiyat ya fi damuwa da cika adadi a kan kyan aiki, shi ya sa za a sami idanu biyu masu suna ɗaya, wannan garau, wancan dishi-dishi. Na farko-farko suna da ganyayyaki 13 a ƙofar haske, daga baya aka rage zuwa 8, aka sake ragewa zuwa 6.

Wani abu da ya yi wa Helios-44 rana shi ne irin bakin da aka yi masa. Samfurin da ya fi yawa, wato 44-2, yana da bakin da ake kira M42, wanda ake murɗawa a jikin kyamara kamar murfin kwalba, faɗinsa milimita 42. Wannan baki ya fito ne daga Jamus ta Gabas a 1949, kamfanin Asahi na Japan ya ɗauke shi a 1957 don kyamarorinsa na Pentax, wasu kamfanoni da dama suka bi sahu. Saboda haka idon Krasnogorsk yana iya zama a kan kyamarar Dresden ko ta Tokyo ba tare da gardama ba, a daidai lokacin da ƙasashen da suka ƙera su ba sa ga maciji da juna.

Zaman akwati

Abin da ya ture waɗannan idanu gefe shi ne ido mai saita kansa. A 1985 Minolta ta fito da kyamarar 7000, wadda ke murɗa idon da ƙaramin inji. A 1987 Canon ta fara barin tsohon bakinta na FD, ta kawo EF wanda ke magana da kyamara ta hanyar lantarki kaɗai. Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, kasuwannin gwanjo na Turai suka cika da Zenit da Helios a farashin da bai taka kara ya karya ba. Da dijital ta kankama, daga Nikon D1 ta 1999 zuwa gaba, sai fim ɗin kansa ya fara ja da baya, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012.

Kyamarorin dijital na farko sun riƙe madubi, don haka matsalar fili tana nan. Kowane ido an yi shi ne ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim. Ta M42 milimita 45.46 ce. Ta Canon EF 44 ce, saboda haka siririn zobe mai kaurin milimita ɗaya da rabi ya isa ya haɗa su, ko da yake wasu idanun kan taɓa madubi. Ta Nikon kuwa 46.5 ce, ta zarce abin da idon ke bukata, don haka ba ya iya saituwa a kan abu mai nisa. Ko a inda idon ya zauna, tagar leƙe ta waɗannan kyamarori ba a yi ta don saitin hannu ba, mutum ya yi ta kanne ido yana canki-canka.

Da aka cire madubi

A 2008 Panasonic ta fito da G1, kyamarar dijital da ake canza mata ido amma babu madubi a cikinta, domin allon da ke kama haske shi ne kuma ke nuna wa mai ɗauka hoton kai tsaye. Sony ta biyo baya da NEX a 2010, sannan A7 a 2013, wadda allonta ya yi daidai da girman fim, milimita 24 da 36. Tun da babu madubi, tazarar bakin Sony ta sauko zuwa milimita 18. Lissafin mai sauƙi ne: a cire 18 daga 45.46, saura 27.46. Duk wanda zai iya feƙe bututun ƙarfe mai wannan tsawo, ba gilashi ba waya a cikinsa, ya haɗa Helios da kyamarar zamani. Masana'antun ƙasar Sin kuwa ba su yi sanya ba wajen zubo irin wannan zobe da araha. Har ila yau, sabuwar kyamarar tana iya ƙara girman wani sashe na hoton a tagar leƙe, ko ta shafa launi a gefen abin da ya fito sosai, ta yadda saitin hannu ya fi sauƙi a yau a kan yadda yake a zamanin Zenit. Madubin da ya sa aka yi idon milimita 58, cire shi ne ya buɗe masa hanyar dawowa.

To me ake nema a wurinsa? Idan aka buɗe ƙofar hasken Helios-44 har ƙarshe, aka tsayar da mutum 'yan taku kaɗan a gaban bishiya mai ganye da rana ke ratsawa, sai a ga bayan hoton yana juyawa kamar guguwa, mutumin yana tsakiya. Dalili shi ne, hasken da ke shigowa ta gefe bakin gwangwanin yana datse wani sashe nasa, sai ɗigon hasken da ke tsakiyar hoto su fito a zagaye, na gefe kuma su matse kamar idon kyanwa, su jeru suna kewaya tsakiya. A wurin Merté da abokan aikinsa wannan naƙasa ce da suka kasa kawarwa, kuma masu tsara idanu sun shafe shekaru suna yaƙi da ita. Yau ita ake saya. Kalmar Japananci da ake kiran yanayin dushewar bayan hoto da ita, wato boke, ba ta ma yaɗu a wajen Japan ba sai wajen 1997. Masu shirya fina-finai su ma sun shigo ciki: Greig Fraser ya yi amfani da tsofaffin idanun Sobiyat a wasu sassan The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024, waɗanda kamfanin IronGlass na Yukren ya gyara domin aikin silima.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, domin an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ta fuskar fitar da hoto garau daga gefe zuwa gefe, ido mafi araha na yau ya fi Helios-44 nesa ba kusa ba. Idan rana ta fuskance shi sai hoton ya yi fari kamar an watsa masa toka, saboda shafen da ke kan gilasansa mai rauni ne. Guguwar nan kuma idan ta yi yawa takan gundura, ta janye hankali daga fuskar da aka zo ɗauka. Wanda aka ɗauka aikin hoton biki, amarya na tafe 'yan rakiya na rububi, idan ya tsaya murɗa zobe da hannu zai koma gida da hotuna rabi a dushe. Ga kuma larurar tsufa: man da ke cikin zoben yakan daskare, kuma a wuri mai laima irin kudancin ƙasar nan funfuna kan tsiro a cikin gilasan, ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo, idan ta daɗe ta ci shafen. Mai saye sai ya haska tocila ta cikinsa kafin ya biya.

Duk da haka, akwai abin da tsohon idon ya fi sabon da shi, kuma ba a cikin hoto yake ba. Helios-44 gilashi ne da ƙarfe da ɗan mai, mai gyaran agogo ma idan ya natsu zai iya kwance shi ya wanke ya mayar. Ba ya neman batir, ba ya neman izinin kowane kamfani. Yawancin idanun yau kuwa zoben saitinsu ba ya haɗe da gilasan, saƙo yake aika wa inji, idan babu kyamarar da ke jin yarensu ko motsi ba za su yi ba. Nikon ta dakatar da jerin kyamarorinta na Nikon 1 a 2018, Canon ta dakatar da EOS M a 2023, bayan shekara 11 kacal da fitowarsa. Tazarar bakin EOS M milimita 18 ce, ta sabon bakin Canon mai suna RF kuwa 20, wato babu filin da zobe zai shiga tsakani. Idon EOS M da aka saya sabo a 2012 ba ya hawa kyamarar Canon mai bakin RF, amma Helios-44-2 da ya fito daga Valdai a shekarun 1970 yana hawanta da zobe mai kaurin milimita 25.46.