Shirun Ƙauye a Harshen Baƙi: Nazarin Karɓuwar Fassarar "Schneewittchen muss sterben" na Nele Neuhaus

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda littafin binciken kisa na Nele Neuhaus, wanda ya fito a Jamus a 2010, ya samu karɓuwa bayan an fassara shi. Hujjar da aka kafa ita ce: abin da ya tsallake iyakar harshe a littafin shi ne shirun da ƙauye ya yi a kan laifi, su kuwa jami'an binciken sun isa hannun mai karatu da rauni, saboda yadda mawallafa suka birkita jerin littattafan.

Gabatarwa

Jamusawa na kiran labarin binciken laifi Krimi, kuma sun daɗe da shi. E.T.A. Hoffmann ya rubuta "Das Fräulein von Scuderi" tun 1819, tashar ARD kuma tana nuna shirin Tatort tun 1970. Reshen da ya shafe mu shi ne Regionalkrimi, wato labarin da aka ɗaure shi a wani yanki na haƙiƙa, da titunansa da abincinsa da karin harshensa. Jacques Berndorf ya share masa hanya da labaran yankin Eifel daga 1989. Neuhaus, wadda aka haifa a 1967, ta zaɓi tsaunukan Taunus kusa da Frankfurt. Da kuɗinta ta fara buga littattafanta, kafin kamfanin Ullstein ya ɗauke ta.

Zubin Labarin

Tobias Sartorius ya dawo ƙauyen Altenhain bayan shekara goma a gidan yari, bisa zargin kashe 'yan mata biyu da ba a taɓa ganin gawarsu ba. Shaidar zato ce ta ɗaure shi. Ya tarar da gidan abincin mahaifinsa ya mutu, iyayensa sun rabu, maƙwabta kuma sun ɗaure masa fuska. Ana cikin haka aka tsinci ƙasusuwan mutum a wani tsohon tankin mai na filin jirgin soja da ke Eschborn, aka kuma ingiza mahaifiyarsa daga kan gada. Jami'ai biyu, Oliver von Bodenstein da Pia Kirchhoff, suka shiga bincike, amma duk ƙofar da suka buga sai su tarar bakin mutane ɗaya: ba mu gani ba, ba mu ji ba.

A nan ƙarfin littafin yake. Neuhaus ta gina ƙauyen da kowa ke cin arzikin attajiri guda, Claudius Terlinden, wanda ya ba wannan aiki, ya ranta wa wancan kuɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Laifin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya zama amanar da gari ke riƙe wa kansa, har iyaye suka gwammace ɗan wani ya ruɓe a kurkuku da a taɓa nasu.

Fassara da Martanin Masu Karatu

Steven T. Murray ne ya mayar da littafin Turanci, ya fito a 2013 da sunan "Snow White Must Die". Shi ne kuma ya fassara littattafan Stieg Larsson da sunan aro Reg Keeland, don haka kasuwa ta jera Neuhaus a layin marubutan arewacin Turai da ake yayi a lokacin. Mai karatun da ya zo neman irin zafin labaransu sai ya tarar da gulmar ƙauye da labari mai tafiyar hawainiya.

Ƙorafi biyu ke yawan fitowa daga masu karatun Turanci: yawan sunaye, da tsawon lokacin da aka ɓata a kan rikicin gidan Bodenstein. Na farko yana da tushe, amma a ganina kuskure ne a ɗauke shi aibi. Ba a nuna haɗin bakin gari da mutum huɗu. Yawan shi ne ma'anar. Na biyun kuwa laifin kamfanin da ya buga fassarar ne. Wannan littafi shi ne na huɗu a jerin da ya fara da "Eine unbeliebte Frau" a 2006. Bajamushe ya san Bodenstein da matarsa Cosima tun littattafai uku baya, shi ya sa rushewar aurensu ke taɓa shi. Mai karatun Turanci an shigo da shi tsakiyar zance ne, daga nan aka ba shi na shida a 2014, sannan na uku a 2015.

Akwai kuma asarar da babu mai fassarar da zai iya kauce mata. Jamusanci na bambanta "du" na sabo da "Sie" na girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku" maimakon "kai". Turanci kalma ɗaya gare shi. A labarin da ya dogara kan waye na gida, waye bare, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Koriya ta Kudu ce ta fi tabbatar da hujjar wannan maƙala. Fassarar da ta fito can a 2011 ta shiga sahun littattafan da aka fi saya, a 2024 kuma tashar MBC ta mayar da labarin wasan talabijin. An sauya sunaye, an ɗauke Taunus gaba ɗaya an dasa wani garin Koriya a gurbinsa, labarin bai girgiza ba. Abin da masu shirin suka riƙe shi ne saurayin da aka zalunta da garin da ya rufe baki.

Saboda haka duk mawallafin da zai fassara irin waɗannan littattafai, har da wanda zai kawo su Hausa wata rana, ya fara daga na farko, ya kuma sa jerin sunayen mutanen labarin a shafin gaba.