Kalmar "Clann": Daga Dashen Shuka Zuwa Sunan Dangi

Wanda ya karanta tarihin Birtaniya a aji huɗu zai tuna da dangogin tsaunukan Sikotlan, waɗanda Turawa ke kira clan. Kalmar ba ta Ingilishi ba ce. Aro aka yi daga harsunan Gelik, su uku: na Ailan da na Sikotlan suna cewa clann, na Tsibirin Man kuma cloan. Ma'anarta a bakin masu ita, 'ya'ya.

Su ma Gelik ɗin aro suka yi. Asalinta planta ce ta Latin, watau tsiro ko reshen da ake dasawa. To, ina p ta tafi? Tsohon harshen Ailan ba shi da wannan sauti, saboda haka kalmomin Latin da suka fara shiga cikinsa, wajen ƙarni na 5 lokacin zuwan Kiristanci, sai aka mayar da p ɗinsu k. Planta ta zama cland, Pascha, bikin Ista, ta zama Cáisc, har sunan Patricius ya koma Cothraige. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, mu da muka mai da tamu f, muke cewa fensir da fam. Mutanen Wales kuwa suna da p, don haka har gobe plant suke kiran yara. Haka kuma inda Gelik ke cewa mac, ɗa, kakanninsu map suka ce.

A Sikotlan ne kalmar ta yi nauyi. Clann Dòmhnaill na nufin 'ya'yan Donal, kuma talaka da shugaba duk suna shiga ƙarƙashin sunan, ko da ba jini ɗaya ba ne. Talaka ya ba da mazajen yaƙi, shugaba ya ba da ƙasa da kariya. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnati ta karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin, ta kuma hana tufafinsu na gargajiya har 1782. A ganina abin da ya fi wannan ciwo ya biyo baya ne: da yawa daga shugabannin sun rikiɗe masu gidan haya, suka kori mutanen da ake kira 'ya'yansu daga gonaki don su zuba tumaki. Dubbai suka bi jirgin ruwa zuwa Kanada da Ostareliya, suna ɗauke da sunayen kakannin waɗanda suka kore su.