Na'urorin gano ƙwayoyin bairos ta hanyar haske

Ƙwayar bairos ta yi ƙanƙanta sosai. Ta mura da ta korona duk faɗinsu bai wuce kimanin nanomita 100 ba, kuma nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. Madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su. Shi ya sa masana suka ƙera na'urorin da ke gano su ta hanyar sauyin da suke jawowa a haske.

Tushen irin wannan na'ura wani ɗan faifai ne na silikon, wato sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula da shi. Ana manna masa sinadaran garkuwar jiki waɗanda ke kama nau'in bairos ɗaya tak. Idan aka zuba jini ko majinar majinyaci a kai, ƙwayoyin da ake nema sai su maƙale, a wanke sauran. Daga nan a haska faifan. Duk inda ƙwaya ta zauna, hasken da ke dawowa yakan sauya, kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta ƙirga.

A jami'ar Boston ta Amurka, ayarin Farfesa Selim Ünlü ya ƙera irin wannan na'ura da ke ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. A 2014 sun gwada ta da wata ƙwayar da aka sanya wa furotin na Ebola da Marburg. A jami'ar Sherbrooke ta Kanada kuwa, an yi aiki da sinadarin galiyom arsenayid, wanda ke fitar da nasa hasken idan an haska shi, kuma ƙarfin hasken na sauyawa idan wani abu ya manne a samansa.

Gwajin PCR na buƙatar ɗakin bincike da ƙwararru da awoyi, domin sai an ninka ƙwayoyin halittar bairos tukuna. Na'urar haske tana kama ƙwayar kai tsaye, abin da ka iya rage lokacin jira a lokacin annoba.

Sai dai akwai matsaloli. Wasu furotin na jini na iya mannewa a faifan su ba da sakamakon ƙarya. Zafi yana lalata sinadaran garkuwar, galiyom arsenayid kuma yana lalacewa a ruwa idan ba a lulluɓe shi ba. Saboda haka har yanzu akasarin waɗannan na'urori suna ɗakunan bincike, PCR ce ake dogara da ita wajen tabbatar da cuta.