Jiragen Iska na Larabawa

Tun kafin a ƙago jirgin ruwa mai tafiya da wuta, Larabawa da Farisawa suna ratsa Tekun Hindu, ba su da injin kome sai iskar Allah. Sukan kafa dogon itace a tsakiyar jirgi, su ɗaura masa wani makeken zane, iska ta cika shi ta tura jirgin. Katakon kuwa daga ƙasar Hindu ake kawo shi. A zamanin dā ba su buga ƙusa, sai su ɗinke katakan da igiyar ɓawon kwakwa. Cikin irin wannan jirgi ne Ibn Jubair, mutumin Andalus, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda don aikin Hajji a shekarar 1183.

Asirin tafiyarsu duka yana cikin iska. Kamar yadda muke da iskar hunturu da ta damina, haka wannan teku take da iska biyu. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, ita ce ke kai jiragen Mombasa da Zanzibar ɗauke da dabino da busasshen kifi da dardumomi. Daga Afrilu sai ta juya, ta komo da su gida da itacen gini da hauren giwa da kanumfari, a dā har da bayi. Wannan lokaci shi suke kira mausim, kuma daga nan Turawa suka samo sunan da suke kiran iskar da shi. Wanda ya yi sakaci mausim ya wuce shi, ba shi da dabara sai ya zauna a baƙuwar ƙasa wata da watanni, jarinsa yana narkewa, iyalinsa suna zuba ido.

Shugaban jirgi sunansa nahoda, kalmar Farisa ce, shi ne kamar madugu a ayari. Masanin hanya kuwa mu'allim suke ce masa, shi ne kamar jagaba. Teku ba ta da turba, ba ta da sawu, saboda haka da taurari yake aiki. Yana da wani ɗan allo mai igiya, ana ce masa kamal. Sai ya ciji igiyar, ya miƙa allon gabansa, ya auna tsawon tauraron arewa daga bakin ruwa. Ma'aunin nan sunansa isba'u, watau yatsa. Mashahurin cikinsu shi ne Ahmadu bin Majid na Julfar, wanda ya rubuta Kitabul Fawa'id wajen shekarar 1490, ya tara ilmin taurari da iska da tashoshi a ciki.

Zaman jirgi zaman haƙuri ne. Matuƙa ba su da ɗaki, a kan kaya suke kwana. Abincinsu shinkafa da dabino da kifi, ruwan sha kuwa da awo ake raba shi. Ba a biyansu albashi, sai an komo a kasa riba, kowa ya ɗauki rabonsa. Don haka hasarar ɗaya hasarar duka ce. Akwai kuma mawaƙi, nahham, wanda ke ba da waƙa suna amshi in za a ja igiya, don hannuwa su zo ɗaya.

Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, jiragen wuta suka yawaita, su kuwa ba ruwansu da jiran mausim. Duk da haka jiragen iska ba su mutu nan da nan ba. Alhazanmu da yawa da suka bi ta ƙasa har Sawakin, cikin ƙananansu da ake kira sambuk suka haye zuwa Jidda. Arzikin man fetur ne ya ƙarasa su, gama bayan Kuwait ta fara sayar da mai a 1946 matuƙa suka watse zuwa aikin albashi, jiragen da suka rage kuma aka sa musu inji.